Ranar Da Na Buɗe Ƙofar Ƙasa

Abu ɗaya ne a cikin aikina da nake so a ce ban yi shi ba, kuma gara in faɗe shi tun farko kafin in soma ba ku labarin kayan aiki. Wani mutum ya zo har bakin ganuwar da ke tare ruwan tabkinmu ya tambaye ni ko ruwa zai ishi shanunsa. Na san wata magana da ta shafi amsar, na ji ta da kunnena kwana uku kafin zuwansa, amma ban gaya masa ba, saboda ni ban yarda da ita ba. Na ce masa ya kawo su. Bayan haka na sa hannu na buɗe ƙofar ƙasa na zubar da ruwan. Sunan mutumin Jauro Hamadu. Ni kuwa Salifu, wanda mutanen wajen Dapaong suka sani da Mai-ƙofa, shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da makullin baraji, wato madatsar ruwa ta ƙasa irin wadda ake yi wa ƙauyuka. Ban yi lakwal, wato makaranta, mai nisa ba, aji huɗu na tsaya, ku yi haƙuri da rubutun. Ku nake yi wa, samarin da aka horar bana aka damƙa muku makullai. Na ji ɗayanku a wurin taro yana cewa aikin ai buɗewa ne da rufewa, ko akuya ma ta iya. Aka yi dariya, ni ma na yi.

A Sokode na koyi aikin, a hannun Baba Fuseni na unguwar Kpangalam. Asalinsa mai haƙa rijiya ne, da ƙirjinsa ya daina ɗaukar iskar rami sai aka ba shi gadin wani ƙaramin baraji na masu lambu a bayan gari. Aikin farko da ya ba ni shi ne tafiya. Kullum bayan gari ya waye in cire takalmi in bi gindin ganuwa ta bayanta, daga wannan kai zuwa wancan, in dawo ta samanta. Wata biyu ina wannan bai bar ni na taɓa ƙofa ba, har na kai ƙara wurin mahaifiyata cewa yawo kawai ake sa ni. Sai ranar da tafin ƙafata ya ji sanyi a wurin da jiya busasshe ne. Na kira shi. Ya zo da wani farin kwano, ya tona da yatsa har ruwa ya taru, ya ɗiba ya ajiye a kan dutse ya ce mu zauna. Muka zauna muna kallon kwano kamar masu jiran koko ya huce. Da ruwan ya natsu ya nuna min gindin kwanon, babu komai. Ya ce duk ganuwar ƙasa tana gumi, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma ranar da na ga laka ta kwanta a gindin kwano, to ganuwa ce ke fita da kanta kaɗan-kaɗan, in bar duk abin da nake yi in buɗe ƙofa in rage mata nauyi, sannan in ruga in gaya wa mutanen da gidajensu ke gangare.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ladabinsa. Akwai sitiyari, wani zagayayyen ƙarfe a kan 'yar gada, wanda idan ka murɗa shi yake ɗaga murfin bututun da ya ratsa ta ƙarƙashin ganuwa. Bututun nan shi muke kira ƙofar ƙasa. Kowace ƙofa da yawan murɗinta, ta Sokode arba'in da biyu ce, sai ka haddace. Ba a buɗe ta gaba ɗaya lokaci guda, don bututu yakan yi rawa ya saki ƙasar da ke riƙe da shi. Idan ka rufe kuma ka dawo da rabin murɗi baya, in ba haka ba tsatsa ta kama ta, baɗi sai da ƙarti huɗu. Akwai sandar awo mai lambobi da aka kafa a cikin ruwa, da gwangwanin giris, da wani sandan ƙarfe da kake ɗora kansa ɗaya a kan bututu ɗaya a kunnenka, ka ji ko murfi na yoyo. Sai adda. Adda ta fi duka aiki, domin duk ɗan itacen da ya tsiro a jikin ganuwa sai ka sare shi tun yana ƙarami. Mutane za su roƙe ka ka bar musu ɗaya don inuwa. Ranar da itacen ya mutu saiwarsa ta ruɓe, ramin saiwar ne ruwa zai bi.

Aiki mafi girma a shekara shi ne wankin baraji. Duk damina ruwa na zuwa da laka daga gonaki ya sauke ta a gindin tabki, ya fi tara ta a bakin ƙofar ƙasa. Ka bar ta shekara biyu uku, sai ta binne bakin, ƙofa ta zama ado. Maganinta shi ne a ƙarshen bazara ka buɗe sosai, ragowar ruwan rani ya fita da ƙarfi ya ja lakar, samari su shiga da shebur suna tura masa, sannan ka rufe sabon ruwa ya cika. Duk dabarar tana ga sanin rana. Ka yi sauri ka zauna babu ruwa, ka yi jinkiri tabki ya cika lakar ta fi ƙarfinka. Ƙa'idar Baba Fuseni ita ce a yi ruwa biyu masu kyau, ka tona ƙasa damshi ya kai gwiwar hannu, shinge su fito, wato garar nan mai fiffike, to ka buɗe. A Sokode ƙa'idar ba ta taɓa ba shi kunya ba, ruwan can idan ya kama a Afrilu ya kama ke nan. Shi kuwa, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa wuce garin Kara ya yi arewa ba a rayuwarsa. Bai san akwai ƙasar da ruwa kan yi sallama ya juya ba.

Da aka gina baraji a wani ƙauye gabas da Dapaong aka nemi wanda ya san ƙofa, shi ya ba da sunana. Na tattara iyali na hau mota da addata da sandan ƙarfena da ƙa'idarsa. Can na san cewa rabin aikin mutane ne. Masu lambu, yawancinsu 'yan ƙabilar Moba, suna so a sakar musu ruwa a magudana safe da yamma don tumatir da albasa. Makiyaya suna so a riƙe shi kada mashaya ta ja baya zuwa cikin taɓo. Mata na wanki, masu buga bulo na ɗiba, rana kuma tana shan nata rabon ba ta tambayi kowa ba. A watan Maris sai ka ga ruwa ya sauka faɗin yatsa a wuni ko da ba ka buɗe komai ba. Akwai komite na masu amfani da ruwan, shugabansa Lamboni, wani dogon manomi mai haƙuri da muka yi shekaru muna sa hannu a kwano ɗaya. Makiyaya ba su da kujera a komiten a lokacin. An ce ai baƙi ne, alhali rugar Jauro Hamadu ta girmi ganuwar.

Jauro abokin wasana ne, don kakana Babarbare ne da fataucin goro ya kawo zongon Sokode. Ba ya wuce gadar ƙofa bai tsaya ya tambaya ko bawansa ya kwana lafiya ba, ni kuma in ce ya sauka daga kan gada kada iska ta ɗauke shi, da ƙafafunsa kamar sillen kara. Kowace shekara idan rani ya yi nisa 'ya'yansa kan kora babban garken kudu, wajen Adjengre, shi ya zauna da 'yan shanun tatsa. Idan manoman can suka fara shuka dole su taso. A hanya sukan tsaya bakin kogin Oti wajen Mango, inda ruwa ba ya ƙarewa, su jira saƙon tsoho, ku iso ko ku dakata. Shi kuma tsoho kafin ya aika saƙon ni yake tambaya.

Shekara goma sha tara ina wankin baraji da ƙa'idar Sokode ina tsira. Wasu shekarun ruwa yakan ɗauke kwana goma, sha biyu, mu ɗan ji jiki ya dawo. Na ɗauka gwaninta ce.

Shekarar da nake ba ku labari laka ta kusa rufe bakin ƙofa, don daminar da ta wuce ruwa ya riga ni ban samu na yi wanki ba. Na zura gora na auna, saura taƙi ɗaya, abin yana cina. Sai ga ruwa ya sauka da wuri, ƙarshen Afrilu, biyu a mako guda, masu kyau. Na tona, damshi ya wuce gwiwar hannu. Shinge suka fito har mata na soyawa. Na sa ranar wanki, Asabar mai zuwa.

Ranar Talata wata ma'aikaciya ta zo a kan babur daga ofishin noma, Madam Damigu, 'yar ƙasar ce, ta ce ta kawo hasashen damina na mutanen meteyo, masu duban yanayi. Aka taru a gindin mangwaro. Ta buɗe takarda mai taswira da launuka, ta yi bayani da Moba, ta maimaita da Hausa saboda ni. Ta ce bana alamu sun nuna ruwa zai fara da wuri a yankinmu, amma an fi zaton zai ɗauke ya daɗe kafin ya zauna. Ba tabbas ba ne, ta faɗi wannan har sau biyu. Ta roƙi manoma kada su zuba duk irinsu a ƙasa, ni kuma ta ce in da hali in jinkirta wanki.

Na tambaye ta shekarunta, ta faɗa. Na ce lokacin da aka ba ni makullin nan ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa ba. Aka yi dariya. Na ƙara da cewa gaibu sai Allah, kuma takardar da aka buga a cikin ɗaki mai sanyi ba ta san ƙasar nan ba.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Gaskiya ne, Baba, gaibu sai Allah. Amma kai ma ai hasashe kake yi, kai da shinge, su da na'ura. Shinge kuwa ruwan jiya suka sani, ba su san na gobe ba."

Na ce, "To ki zo ranar Asabar da kwando, 'yata, ki samu na miya."

Domin ranar wanki ranar kamun kifi ce. Idan ruwa ya janye duk ƙauye kan shiga, kowane gida ya kwana da miyar kifi, a shanya sauran. An rasa wannan shekarar da ta wuce, ba wanda ke son a sake rasawa. Lamboni ya dube ni ya dube ta, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Madam ya san takarda, Mai-ƙofa ya san ƙofa. Ranar Asabar ƙofa za a buɗe, ba takarda ba." Haka aka tashi.

Ranar Juma'a da hantsi ina shafa wa sitiyari giris sai ga Jauro da sandarsa a wuya. Bai halarci taron ba, ba wanda ya kira shi. Bayan mun gama zolaya ya jingina da ƙarfen gada ya ce yaransa sun yi kwana huɗu a Mango, shanu sun yi yawa a can, ciyawar bakin kogi ta fara ƙaranci, suna tambaya. Ya ce kuma ya ji gobe zan yi wanki.

"Bawan Fulani, gaya min tsakani da Allah. Ruwan nan ya zauna, ko in ce su dakata?"

Maganar Madam tana bakina. Na auna na ga idan na faɗa masa zai ce su dakata, labari ya bazu cewa Mai-ƙofa da kansa yana shakka, a ce in fasa wanki. Na goge hannu da tsumma na ce, "Kira su. Kafin su iso tabkin nan ya cika har ka nemi kwalekwale."

Ya ce to. Ya ciro waya daga aljihun taguwa tun bai sauka daga gadar ba.

Wankin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba, ban taɓa yin mai kyansa ba. Na buɗe murɗi biyar biyar ina saurarar bututu, ruwa ya fito da kauri kamar kunu. Samari suka shiga da shebur, mata da kwanduna, tarwaɗa da karfasa har aka rasa wurin shanya. Kwana biyu ƙofa na buɗe. Da na rufe, bakin bututu ya fito fes, abin da ya rage na ruwa wani kwari ne a tsakiya da muke kira rabon kada. Na dubi gabas na ga hadari na haɗuwa, na tafi gida ina ji da kaina.

Hadarin iska ya yi ya watse.

Garke ya iso rana ta shida, sun sha tafiya, masu ciki a baya. Mako na farko ba wanda ya damu. A na biyu geron da aka shuka ya fara naɗewa, ciyawar da ta tsiro ta ƙone. Rabon kada yana ja baya, kuma tsakanin busasshiyar ƙasa da ruwan akwai taɓo mai zurfi, samansa ya bushe ya tsattsage, ƙasansa ɗanye. Saniya mai ƙishi ba ta san wannan ba. Takan taka ta nutse har ciki, ta yi ta kokawa har ƙarfinta ya ƙare. Ta farko da muka ciro wata karsana ce mai cikin fari. Muka shimfiɗa kara da itace, muka zura igiya ta ƙarƙashin ƙirjinta, ba a wuya ba, mu takwas muna ja, Jauro na riƙe da kanta yana mata magana da Fulatanci. Ta fito, amma ba ta ƙara miƙewa ba, aka yanka ta a wurin. Bayanta na daina ƙirga.

Komawa Mango ba ta yiwu ba. Shanun sun rame, tabkunan hanya sun bushe, manoman hanya kuma sun shuka da ruwan farko har cikin burtali. A mako na uku rijiyoyin ƙauye suka fara ƙafewa, mata suka koma rabon kada don na sha. Komite ya zauna ya hana shanu mashaya. Lamboni da kansa ya tsaya da sanda a bakin hanya, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, 'ya'yan Jauro kuma a gabansa da nasu sandunan. Ba a doki kowa ba, Jauro ne ya janye su. Ba na ganin laifin Lamboni.

Na koma sana'ar Baba Fuseni ta farko. Na ɗauki diga da shebur na shiga rafin da ke bayan ganuwa ina haƙa ramuka a cikin yashi. Na haƙa bakwai, uku suka ba da ruwa, ka kwashe bokiti biyu ka zauna ka jira ya taru. Maruƙa da masu shayarwa aka ba. Jauro yakan tsaya a bakin ramin ya karɓi bokiti daga hannuna ya ce sannu da aiki, Malam Salifu. Tun da muke bai taɓa kirana da sunana ba sai a lokacin. Mahauta da dillalai suka ji labari suka zo da motoci, suna ɗaukar saniya a kan abin da ba ya sayen tunkiya.

A cikin mako na huɗu labarin taron gindin mangwaro ya kai kunnensa, ta bakin wata mai sayen nono. Bai zo ya tambaye ni ba. Ruwa ya dawo bayan kwana talatin da huɗu, kafin mako biyu tabki ya cika har ya zuba ta sama. Kafin kaka Jauro ya tashi da rugarsa da abin da ya rage, bai yi wa kowa sallama ba.

Na kai wa Lamboni makulli, ya ƙi karɓa, ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara, kuma su ma sun ci kifin. Sai na hau mota na je Dapaong na nemi ofishin Madam Damigu. Na yi zaton za ta tuna min maganar ɗankwali. Kujera ta ba ni, ta zauna ta nuna min cewa hasashen iri biyu ne, akwai na damina gaba ɗaya da ke fitowa kafin ruwa ya zauna, akwai na 'yan kwanaki da ake faɗa a rediyo. Ta ba ni kwalbar auna ruwan sama in kafa kusa da gada, in riƙa rubuta abin da ya sauka da abin da sandar awo ta nuna in aika mata, don su ma suna bukatar idon wanda ke wurin.

Daga nan na canza tsarin wanki. Ba na sa rana sai na ji hasashen damina, kuma ko ya yi daɗi ba na barin ruwa ya sauka ƙasa da abin da zai riƙe ƙauye da shanu kwana arba'in; na shafa jan fenti a sandar awo daidai wurin. Lakar da ruwa bai ja ba mu kwashe ta da baro, masu lambu na so don taki. Kifi ya ragu, an yi min gunaguni shekara biyu. Na kuma tsaya sai da aka ba makiyaya kujera a komite.

Kada ku ɗauka ina cewa takarda ba ta kuskure. Akwai shekarar da aka ce ruwa zai makara, na riƙe ƙofa, sai ya zo da wuri ya zauna, na rasa wanki, samari suka yi ta min waƙa a hanya. Asarar da na yi wata ɗaya ne na kwasar laka da ciwon baya. Akwai kuma shekarar da aka ce za a yi ruwa mai yawa a Agusta, na riƙa rage tabki kafin kowane babban hadari, masu lambu na zagina cewa ina zubar da arzikin rani. A watan nan ganuwar wani ƙauye arewa da mu ta fashe, tamu tana nan. Abin da na gane a makare shi ne ba a tambayar wa ya fi gaskiya tsakanin shinge da na'ura. Ana tambaya ne, in na riƙe ruwa na yi kuskure me za a rasa, in na sake shi na yi kuskure me za a rasa, kuma wa zai rasa. Ruwan da ka riƙe kana iya sakinsa gobe. Wanda ka saki ya tafi Oti.

Shekara shida ina tambayar inda Jauro ya koma. Daga baya wani direban motar shanu ya ce min yana ganinsa a wata kasuwar dabbobi wajen iyaka. Na je ranar kasuwa, na same shi zaune a kan kututture yana riƙe da igiyoyin shanun wani Alhaji, aikin yini. 'Ya'yansa biyu sun tsallaka Ghana kiwon shanun mutane. Ya gane ni tun daga nesa, ya matsa min wuri. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Lamboni. Na ce na zo ne neman gafara a kan ruwan da na zubar.

Ya gyara riƙon igiyoyin hannunsa. Ya ce ruwa na Allah ne, wanki kuma aikina ne, ko shi ne da makulli wataƙila da ya buɗe, don shi ma ya ga shingen.

"Ba ƙofar ba ce, Salifu. Ka ji magana ranar Talata, na tambaye ka ranar Juma'a. Ko da cewa ka yi, wata yarinya ta ce kaza amma ni ban yarda ba, da ya ishe ni. Ni zan auna, shanuna ne. Sai ka auna min."

Na ce haka ne. Ya ce ya yafe, don shi ma yana son Allah Ya yafe masa. Aka kira shi ya kai bijimi bakin mota, ya tashi ya tafi, na jira har la'asar bai samu dawowa ba. Bai sake mallakar garke ba har Allah Ya karɓi abinsa.

To ku da aka ba makullai bana, kuna da abin da ba ni da shi, saƙon meteyo na shigo muku waya kuna zaune. Wata rana zai faɗi abin da idonku bai yarda da shi ba, kuma mai yiwuwa ku ne da gaskiya. Batun ƙofa na riga na gaya muku yadda ake auna shi. Amma idan mai shanu ko mai gona ya tsaya muku a kan gada ya tambaye ku, ku juye masa duk abin da kuka ji, har da wanda ba ku yarda da shi ba, ku bar shi ya auna da kansa. Wannan nake roƙonku. Kada wani dattijo ya ƙare da riƙe igiyar shanun mutane saboda abin da kuka ji kuka yi shiru.